Ragunan da Na Sa Kika Ba da Aro

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hadiza ta Madabo, wadda ta riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki a durƙushe, kamar yadda kika koya min, tare da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji a inda kike kwance. Mu nan lafiya lau. Gidan yana nan, sai katangar yamma da ta zube da damina, muka tayar da ita da bulo. Jikar nan taki da kika bari tana rarrafe, yanzu ita ma goyo ne a bayanta.

Na san ba za ki karanta takardar nan ba. Ko kina raye ma sai dai in karanta miki, kina tsinkar zogale kina cewa in rage sauri. Amma zan ajiye ta inda mutane za su gani, don na gaji da riƙe maganar ni kaɗai.

Shekaranjiya ina shara na ji a rediyo wai an kawo tallafi don horar da sababbin manoma da masu kiwo, kuma za a haɗa kowane sabon shiga da gwani ya riƙa nuna masa hanya. Inna, ko kalma ɗaya ba su canza ba. Yadda aka faɗa mana a wancan lokacin, haka aka maimaita. Na jingine tsintsiyar na zauna a bakin rijiya, na daɗe ban tashi ba.

Ke ba ki taɓa kiran kanki gwana ba. Da Baba ya rasu ya bar ki da mu huɗu, tunkiya ɗaya ce a gidan da ɗanta. Da su kika fara. A tsakar gidan nan namu, da ba ya cin tabarma shida, kika kafa turaku. Kina sayen ƙananan raguna bayan Babbar Sallah, lokacin da ba mai waiwayar su, ki turke su har wata Sallar ta zagayo. Kowane gida a lungunmu ya san ba a zubar da ƙasari, naki ne. Da kaka ki sayi harawa ki jibge a saman soro. Kafin ki karya da safe sai kin bi su ɗaya bayan ɗaya, kin duba ido, kin duba hanci, kin duba kashin da suka yi. Da ragunan nan muka ci, da su muka sa sutura, da su na yi karatu har na zama malamar firamare. Ni ce 'yar fari, ba kya faɗin sunana. Da na fara koyarwa sai kika samu mafita, kika koma ce min Malama.

Sai shekarar da sojoji suka koma bariki. Aka yi zaɓe, bangwayen unguwa suka cika da fastoci, kowa bakinsa romon dimokuraɗiyya. Garba na gidan mai goro, wanda kika sha ɗura wa koko yana yaro in uwarsa ta tafi unguwa, ya zama Kansila.

Ina tuna ranar da ya yi sallama a soro da sabuwar shadda tana ƙara. Ya durƙusa har ƙasa. Ya ce Turawa sun ba da tallafi, za a koya wa matasa noma, a koya wa mata kiwo, a ba kowace mace dabbobi, a haɗa ta da wadda ta iya. Ya ce, "Inna, duk mazaɓar nan wa ya kai ki? Ke ce malamar mata." Kika ce, "To Garba, in don koyarwa ne ai ba sai Bature ya ce ba. A turo su."

Ni na cike fom ɗin, naki da na mata shida da kika zaɓa da kanki. Ba ki zaɓi dangi ba ko ɗaya. Kin zaɓi waɗanda kika san tukunyarsu tana wuni a kife. A cikinsu akwai Rabi, wadda aka sallami mijinta daga masaƙa ya dawo gida ya zauna, ga 'ya'ya biyar.

Ba ki jira an kawo komai ba. Kullum da hantsi matan nan suna tsakar gidanmu. Kika nuna musu yadda ake dama dusa kada ta yi ruwa, da gwargwadon kanwar da ake sawa, da yadda ake yanke kofato, da yadda ake gane rago mai tsutsar ciki tun kafin ya rame. Abin da kika fi nanata musu shi ne maganar baƙuwar dabba. Kika ce, "Duk wadda ta fito daga kasuwa, a soron waje za ta yi sati biyu. Ba ta shan ruwa a kwanon 'yan gida, ko da kuwa sheƙi take yi." Rabi ta fi kowa kama abin. Da kika ga haka kika kwance tunkiyarki mai ciki kika ba ta riƙo, kika ce ɗan fari nata ne.

Ranar da aka kafe sunaye a sakatariya, ni na je dubawa. Na karanta daga sama har ƙasa sau uku. Babu ke, babu Rabi, babu ko ɗaya daga cikin matan nan. A gurbin malamar mata an rubuta Hajiya Asabe, matar Kansila, wadda ko kaza ba ta taɓa kiwatawa ba. Sauran sunayen duk na 'yan jam'iyya ne da matansu da ƙannensu. Da na tambayi Garba sai ya ce, "Malama, ke ma kin san Turawa takarda suke so. Inna tana da satifiket ne?"

Aka kai waɗanda sunayensu suka fito otal aka yi musu bita ta kwana uku, suka dawo da riguna da huluna masu tambari. Aka raba tumaki da safe a gaban 'yan jarida, kafin la'asar rabinsu suna kara, kasuwar dabbobi, a hannun dillalai. Injinan ban ruwa da aka ba wa masu sunan manoma, waɗanda ba su da ko kunyar gona ɗaya a bayan gari, a kwalayensu aka sayar da su.

Na dawo gida ina huci, ina faɗa miki, ina jiran ki tashi ki yafa mayafi mu tafi. Kika bari na gama, sannan kika ce, "An ce su Rabi su daina zuwa ne?" Na ce a'a. Kika ce, "To miƙo min kwanon dusar nan." Washegari da hantsi matan suka zo, kika ci gaba daga inda kika tsaya.

Da a nan maganar ta ƙare, Inna, da yau ba ni da abin rubutawa sai zagin Garba. Amma akwai nawa kason, kuma shi ne abin da ban taɓa buɗe baki na gaya miki ba.

Bayan wasu watanni Garba ya same ni a makaranta lokacin hutun tara. Ya ja ni gindin dalbejiya ya ce masu tallafin za su zo ganin abin da aka yi, kuma babu dabbar da za a nuna musu. Yana son aron ragunanki tara na rabin yini kawai. Kafin in ba shi amsa ya ƙara da cewa shirin yana neman jami'a mai kula da ɓangaren mata, wadda ta iya Turanci, da ofis da komai. Ya ce, "Ke ce a raina, Malama Hajara. Ki taimake ni in taimake ki."

Na gaji da alli a lokacin, Inna. Na gaji da ajin da babu benci, da albashin da sai ya ga dama yake zuwa. Na hango kaina a kan kujera mai juyawa. Wannan shi ne gaskiyar abin, ba ni da wani uzuri da ya fi shi.

Ban faɗa miki maganar aikin ba. Ce miki na yi in baƙin suka ga raguna masu kyau za su ƙara tallafi, kuma a zagaye na biyu za a sa su Rabi. Kika tambaye ni abu ɗaya: "Su kaɗai za a tsayar, ko da wasu?" Na ce su kaɗai. Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Kika daɗe kina kallo na, sannan kika ce, "To a kai su. Amma da kwanon ruwansu za su tafi."

Mota ba ta shiga lungunmu, sai da aka ja su har bakin titi. Kina tsaye a ƙofar soro kina kiran babban balamin nan mai baƙin kunne, yana waiwayowa yana turjewa. Da aka gama loda su a akori-kura direban ya ce babu wurin kwano. Na ajiye shi a shagon mai wanki, na ce in na dawo na ɗauka.

A filin wata makaranta wajen Ƙofar Nassarawa aka yi taron. Ba a gayyace ki ba. An kafa rumfuna, an kawo makaɗa, mata sun sha rigunan tambari. Ina sauka na ga an riga an sauke wata mota guda ta tumaki da aka ɗauko haya daga kara don a cika fili. Na ga masu majina. Na ga waɗanda zawo ya bushe musu a wutsiya. Na tashi a gidanki, na san abin da nake gani. Aka cusa naki a cikinsu, aka shafa musu jan fenti a gadon baya, aka ajiye rabin duro na ruwa guda ɗaya a tsakiya. Rana ta take, dukansu suka kafa kai a ciki. Ina tsaye da sabon leshi, ban ce uffan ba, don Garba yana kallo na.

Baƙuwar wata dattijuwar Baturiya ce da malafa. Ta san dabba, Inna, da kin gan ta da kun shirya. Ta wuce na hayar ba ta ko tsaya ba, ta zo kan balaminki ta tsuguna, ta buɗe bakinsa, ta shafa ƙirjinsa. Ta tambaya wa ya yi wannan kiwon. Hajiya Asabe ta dafa ƙirji ta ce ita ce. Ni aka sa tafinta, ni na juya maganar zuwa Turanci.

Sai ta tambaya me ake ba shi. Hajiya ta fara kame-kame, tana cewa abinci dai mai kyau. Ni kuwa na buɗe baki na zuba wa Baturiyar duk abin da na ji kina koya wa su Rabi: dusa, kowar wake, ƙasari, harawa, kanwa, har da sati biyun soron waje, kamar fassara nake yi. Ta yi ta rubutu tana gyaɗa kai. Da ta gama ta kama hannun Hajiya Asabe da hannu biyu ta girgiza. Iliminki na shekara ashirin, da bakina na ɗauke shi na miƙa wa matar da ke toshe hanci da gefen mayafi.

Da yamma aka dawo da su. Ba ki tambaye ni yadda taro ya tashi ba. Kika bi su da kallo, kika shinshina jikin ɗaya, kika ce, "An haɗa su." Ba tambaya kika yi ba. Soron waje ba zai ɗauki raguna tara ba, dole suka koma turakunsu kusa da tumakin da ba su je ko'ina ba. Kika ɗauko sabulu da soso kika hau wanke jan fentin nan, bai fita ba.

Bayan kwana biyar balamin ya ƙi dusa. Sai hawaye, sai majina, sai baki ya yi gyambo, sai zawo. Kafin sati ya zagayo tsakar gidan ta koma wani abu da har yau ba na son tunawa. Kika jiƙa duk abin da kika sani, kika ɗura musu da ludayi, kina riƙe da kawunansu a cinyarki. Malamin dabbobi da muka kira ya duba ya girgiza kai, ya ce annoba ce, rigakafinta ake yi tun da wuri, in ta kama sai abin da Allah Ya yi. Saura sati shida Sallah.

Biyu ne suka tashi cikin taran, su ma sun zama ƙashi da fata. Tumakin gida da 'ya'yansu suka bi waɗanda suka mutu. Mahauta suka ji labari suka zo soro suna cewa a yanka a ba su kafin su mutu. Kika ce, "Naman da ba zan ba 'ya'yana ba, ba zan sayar wa 'ya'yan wasu ba." A baro aka riƙa fitar da su bayan ganuwa ana binnewa.

Na yi kwana uku ina zaman benci a ofishin Garba kafin ya gan ni. Ya saurare ni yana duba agogo. Ya ce, "Malama, dabba ai rai gare ta. Ƙaddara ce. Ki gaishe min da Inna." Aikin kuwa ƙanwar matarsa aka ba. Daga baya wani ya nuna min ɗan littafin rahoton da suka buga. Balaminki ne a bangon, Hajiya Asabe ta dafa shi tana murmushi. Saboda rahoton nan aka ƙara musu tallafi. A zagaye na biyun ma babu Rabi.

Ba ki yi min faɗa ba. Da kin yi, da na samu sauƙi. Wata safiya na fito na tarar kina tuge turakun da hannunki, ɗaya bayan ɗaya, kina tarawa a gindin murhu. Da su aka dafa tuwon ranar. Rabi ta jawo tunkiyar nan da kika ba ta riƙo, har da 'ya'ya biyu, ta ce ki sake farawa. Kika ce, "Mayar da ita. Ƙasar gidan nan ta sha cuta." Ƙasa tana warkewa, Inna, ke ma kin sani. Ke ce ba ki warke ba.

Daga nan kika koma zama. Ke da ba a taɓa ganin ki a zaune da hantsi ba, sai ga ki a ƙofar ɗaki da carbi, kina kallon ramukan da turaku suka bari. Maƙwabta suka ci gaba da aiko da ƙasari na ɗan lokaci, don sun saba, har kika aika aka ce su bari. Hawan jini ya shigo, ƙafa ta kumbura. Damina biyu kika ƙara. Ina gefenki a kwanakin ƙarshe, sau da yawa maganar ta zo min har maƙogwaro in haɗiye ta. Na ce a raina gara ki tafi kina zaton kuskure na yi, ba ciniki ba.

Haka na zauna shekara da shekaru ina ganin na ɓoye miki. Sai bara, a wajen sunan jikar Rabi. Gidanta yanzu cike yake da tumaki, har mata na zuwa koyo wurinta, ba fom ba riga. Bayan an watse muna zaune muna tuna ki, na kasa daurewa na gaya mata komai. Sai ta ce, "Malama, ai Inna ta sani."

Ashe Hajiya Asabe ta yi ta ba da labari a gidan wani biki cewa an yi min alkawarin aiki don a samu ragunan. Rabi ta ji da kunnenta, ta zo ta same ki kwana biyu kafin taron, ta roƙe ki kada ki bayar. Ta ce kin ajiye ludayin da ke hannunki kika ce mata, "Na sani, Rabi. Garba kuma ni na san shi tun bai iya ɗaura wando ba, ba aikin da zai ba ta. Amma yarinyar nan tun da na haife ta ba ta taɓa roƙo na komai ba sai yau. In na hana ta, har ta tsufa za ta riƙa cewa ni na tare mata hanya. A kai su. Ke kuma kada ki kuskura ki faɗa mata."

Inna, me ya sa? Da kin kira ni ɗaki kin ce min maƙaryaciya. Da kin mare ni. Da na yi fushi na sati ɗaya, na wata ɗaya, ya wuce, ragunanki suna turke, ke kina tsaye a kansu. Kika zaɓi ki kalle ni ina yi miki ƙarya, kika karɓa, kika biya da duk abin da kika tara, sannan kika zauna damina biyu ina kawo miki magani kina ce min sannu.

Garba yana nan da ransa. Ya yi gaba, yanzu sai da rakiya yake shigowa unguwa, kuma sahun farko ake buɗa masa a masallaci. Ran da kika rasu ya aiko da buhun shinkafa, na sa aka mayar masa. Mutane suna ce min in yafe, wai an daɗe. Ban yafe ba. Na bar shi da Allah, shi da duk wanda ya ci abin da aka aiko don marasa ƙarfi ya kuma goge baki. Ni ma ban fitar da kaina daga cikinsu ba, don a rumfa ɗaya muka tsaya ranar.

Abin da nake roƙo kawai ki yafe min, Innata. Na san kin riga kin yafe tun kafin a ja su zuwa bakin titi, kuma wannan ne ya fi yi min ciwo. Amma ban taɓa roƙa da bakina ba, yau na roƙa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yalwata makwancinki, Ya haskaka shi. Duk cikin da kika ciyar, na mutum da na dabba, Allah Ya sa shi a mizaninki. Abin da aka ƙwace miki a nan Ya mayar miki da wanda ya fi shi a inda ba mai ƙwacewa. Ya haɗa ki da Baba a Aljanna Firdausi. Ni kuma Ya ba ni ikon haɗa ido da ke ranar da za mu gamu. Amin.

'Yarki mai kewar ki,
Hajara
Madabo, cikin birnin Kano